Mai Yaɓe Gindin Ruhewa

A ƙauyenmu na kusa da Geceme, in an gama ɗaure gero aka ci tuwon dare, Kaka Dije kan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ce babba. Wanda ya yi gyangyaɗi ko ya mintsini ɗan'uwansa, idona na kansa, shi ya sa take kirana Sa-ido. Ba ta fara tatsuniya sai ta gama bin haƙoranta da asawaki, ɗaya bayan ɗaya har gindi, mu kuwa kamar mu yi kuka don ƙaguwa. Sannan ta tofar, ta ce baƙuwa ta iso, wa zai tarbe ta? Mu ce mu ne.

Wadda ta zauna mini ita ce ta mata mai ruhewa, rumbun ƙasan da ya fi na kowa kyau a garinsu. Wata safiya ta ga gara ta ja layinta a gindin rumbun. In ta kankare, maƙwabta za su san gara ta shigar mata. Sai ta kwaɓa jar ƙasa ta yaɓe wurin sumul. Gara ta sake fitowa, ta sake yaɓewa. Masu wucewa suna ta yabon tsabtarta. A damina ta uku aka yi ruwa ɗaya, ruhewa ta durƙusa, aka leƙa ba kome sai ƙaiƙayi.

"To, ɗiyan ga," in ji Kaka, "wa ya canye hatsin?"

Muka ce gara, muryata ta fi ta kowa. Ta dube ni ta yi dariya. "Har ke, Sa-ido?" Sai ta ce baƙuwa ta wuce, kowa ya je ya kwanta.

Na girma da sunan nan. Ba a ɓoye mini tsinke a gidana. Mutum ɗaya ne ban taɓa duban fuskarsa da kyau ba: ɗiyata ta fari. Haka muka taso, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, kuma na riƙe kunyar nan fiye da sa'o'ina, ina alfahari da ita.

Da ta zo goyon ciki na ga jini a inda take tofar da yawu da safe. Ban tambaye ta ba. Na shiga ɗakinta na ɗauke buroshin da aka ba ta wurin awo, na aika ƙanwata ta gaya mata shi ke yanka mata dasashi, ta bar taɓa wurin har ya warke. Ta haihu, suna ya matso, ga dangin miji tafe, ga bakinta ya fara wari. Na sayo mata goro da fure a kasuwar Kore Mairuwa. Baki ya yi jawur, ba mai gane jini. Mata suka yi ta yaba mai jego.

Ta riƙe maganata shekara da shekaru, don ba ta taɓa tsallake ta ba. Sai da haƙoranta biyu na ƙasa suka fara rawa mijinta ya ce in raka ta gidan likita a Dogon Dutsi. Ina zaune ina kallo likitar ta kankaro wani datti da ya daskare a gindinsu kamar ƙanzo. Ta ce jinin nan kukan dasashi ne, dattin ke cin sa, ciki kuma kan ƙara masa kumburi. Da an ci gaba da gogewa a hankali safe da dare, da buroshi ko asawaki, aka zo da wuri aka kankare, da ya lafa. Yanzu ya ci har ƙashin da ke riƙe da haƙori, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ɗaya za a cire, ɗayan sai yadda aka kula da shi.

Sannan ta tambaye ta wa ya ce ta daina gogewa.

Ɗiyata ta sunkuyar da kai. "Ba kowa," ta ce.

Da ta nuna ni da yatsa da ya fi mini sauƙi. Na zauna a kan bencin nan da furfurata, ina jin dariyar Kaka a kunnena.

Ba ta kai arba'in ba, amma in za ta yi dariya sai ta ja gyale ta rufe baki. Ni na sa mata wannan gyalen. Ɗayan haƙorin na nan tukuna. Duk ranar da ta zo gaishe ni, kafin ta aje kaya nake kiranta gabana, ko da mutane, in ce, "Buɗe in gani." Ranar farko ta ɗauka da wani nake, har ta waiga.

Jikokina ma na ba su tatsuniyar ruhewa. Su ma gara suke cewa. Ni dai ba na dariya in wuce kamar Kaka. Nakan ɗaga hannuna in nuna musu, in ce ga wanda ya kwaɓa jar ƙasar.