Waƙar Ƙanena Marar Rumbu

Mu biyu mahaifinmu ya bar wa gonar gero da garkar albasa a fadamar Tama. Ƙanena bai taɓa son hauya ba. Wata damina wasu Buzaye suka ratsa da raƙuma za su Arewa, ya bi su a matsayin ɗan kiwo, ya bar ni da gona da garka da tsohuwarmu.

Bayan kaka, da bisashe suka gangaro cin kara, ya dawo. Ya rame, ya yi baƙi, ya koyi naɗa rawani irin nasu. Dawowar ta dace da sunan ɗana. Ana cikin shan fura sai ya fara rera wata waƙa da ya tsara a daji:

Inda ciyawa ta tsira, nan ne garinmu,
Ba ni da rumbu, ba ni tsoron gara,
Ba ni da iyakar gona, wa zai kai ni gaban alƙali?

Dattawan da ba su taɓa wuce Keita ba suka yi tsit suna kaɗa kai. Wani ya ɗauka a salula. Kafin a cire albasa, waƙar ta kai kasuwar Buza, har masu kabu-kabu suna sa ta.

Abin ya ci mini rai. Geron furar da ya sha kafin ya yi waƙar daga rumbuna ya fito. Na tare shi a bakin rijiya na faɗa masa haka.

Ya yi murmushi ya ce, “Gaskiya taka, Yaya. To taho mu tai tare bana.”

Na ce, “Inna fa? Wa za ya riƙe ta?”

Da ruwan fari ya sauka, ƙanena ya sake tafiya.

A daminar nan Inna ta kwanta ciwo. Ni nake kai ta likita a kan babur, matata ke dama mata kunu. Amma duk lokacin da na zauna kusa da tabarmarta sai ta ce, “Sa mini waƙar ƙanenka.”

Nakan sa mata. Ta lumshe ido tana motsa baki, ni kuwa ina kallon tsagewar tafin hannuna.

Ta warke. Har yau ƙanena yana zuwa yana komawa. Wani lokaci ina ban ruwa sai in ji kaina ina rera waƙar, sai in waiwaya in ga ko akwai mai ji na.