Filafilin Jirgina a Bakin Alhaji

Ina shiga ɗaki na tarar da Alhaji ɗan Maraɗi, abokin zamana a unguwar Xiaobei, nan ƙasar waje, ya gama cin naman rago yana sakace.

Na dubi tsinken. Filafilin ɗan jirgin katakon da nake haɗa wa 'yata tsaraba ne! Sai da yatsuna suka yi kanta kafin na feƙe shi.

Na ce, "Haba Alhaji, filafilin jirgina ne fa!"

Ya zaro, ya duba, ya ce, "Wallahi kai gwani ne. Na jiya ma bai karye ba."

Na jiya! Wanda na rarrafa ƙarƙashin gado ina nema, shi kuma yana haska min da waya.

Jama'a, mutumin nan ya girme ni. Ku faɗa min yadda zan yi da shi.