Shekarar da Aka Ce Mu Shigo da Littattafanmu

A shekarun da Gusau take sabuwar hedikwatar jiha, ina aiki a wani ƙaramin ofishin gwamnati a Bungudu, ina buga tafireta ina jera fayil. Kowa a lokacin karatu yake nema, don an ce sabuwar jiha tana buƙatar akantoci. Ni ma na roƙa, aka ba ni izinin zuwa Gusau duk ƙarshen mako in yi karatun akanta a wata cibiya da take aron ajujuwan firamare. Izinin yana da wa'adi, kuma a daminar da nake magana wa'adin ya zo ƙarshe. Na ci duk darussan sai haraji, wanda na riga na faɗi sau ɗaya. In na ci a wannan karon, a mai da ni sashen kuɗi. In na sake faɗuwa, babu wani izinin, in koma kan tafiretata.

Na gaji ƙwarai a wannan shekarar. Daga gidanmu a Rawayya in fito Bungudu, daga Bungudu in jira bas ta cika, in isa Gusau da laka a bakin zanena, in zauna a bencin yara gwiwoyina suna gugar tebur. Wani lokaci malami yana bayani, ni ina kallon ruwa yana gangarowa daga rufin kwano, ina tunanin dawar Baba da ta fara kai ƙugu.

Ranar da malamin haraji ya yi sanarwar, hadari ne ya haɗu har aji ya yi duhu. Siririn mutum ne, ba ya ɗaga murya. Ya goge allo ya ce, "Jarrabawar bana, kowa ya shigo da littafinsa."

Aji ya kaure da surutu. Babbanmu a shekaru, wani Alhaji da ya daɗe yana aiki a baitulmali, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"To Malam, mi ya rage? Ka ba mu satifiket ɗin yanzu mu tai gida, ka huta mu huta."

Wani saurayi da kullum yake zuwa na ɗaya ya ɓata rai. Ya ce wannan satar amsa ce aka sa mata riga, kuma takardar da aka samu ta haka ba za ta yi daraja ba. Madam, wata 'yar kudu da mijinta yake sayar da kayan mota a Gusau, ta tafa hannu ta ce da Hausarta mai kyau, "Ni dai tun da nake ban taɓa ganin malamin makaranta ya yi kyauta ba. Akwai abin da ke ƙasa."

Malam ya bari muka gama. Ya ce a ofis babu mai hana akanta buɗe littafin doka, abin da ake nema shi ne ya san inda zai buɗe. Ya ce mu ja layi, mu yi rubutu a gefe, mu lanƙwasa shafi, mu yi duk abin da muka ga dama da littattafanmu.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta tsaya mini. A gidanmu ba a yi wa littafi haka. Baba manomi ne, amma yana da littattafan da ya gada, suna cikin gafaka a rataye, kuma ba ya taɓa su sai ya wanke hannu. Ko takardar ƙosai ya gani a ƙasa, in da rubutu a jikinta, sai ya duƙa ya ɗauka ya soke a jikin danga. Ina ƙarama na taɓa lanƙwasa kusurwar littafin makaranta. Bai yi faɗa ba. Ya karɓa ya miƙar da ita da babban yatsa a hankali, ya ce, "Ɗiyata, kin ji masa ciwo." Tun daga ranar hannuna bai ƙara yarda ba. Kuma ban da tarbiyya, ni kaina ina son shafi mai tsabta, ina son farin gefensa kamar yadda nake son tsakar gida bayan shara.

Sai na yi abin da na iya tun ina Islamiyya, wato hadda. Na haddace sassan dokar da muryar da muke biya karatu, a cikin bas, a bakin murhu, a kan hanyar rijiya. Inna har ta fara kama wasu kalmomin tana tsokanata da su. Yawancin 'yan ajinmu kuwa sun saki karatu. In ka tambayi Alhaji yaya shiri, sai ya ce, "Shiri na cikin buhu." Ya bi gari yana aro, ya tara littattafai har da waɗanda ba na haraji ba.

Ƙawata 'yar Tsafe ce, mai yawan dariya, mun saba a tasha. Ita littafinta ya kumbura kamar ya sha ruwa. Ta je wurin tela ta kwaso ƙyallaye, ta tsaga su sirara ta soka a tsakanin shafuka, ja na wannan babi, kore na wancan, ta cika gefuna da jan biro. Na ga littafin na ji tausayinsa. Ita kuma ta ɗauki nawa da yatsa biyu ta juya shi.

"Ke wanga jere za ki yi da shi? Bari in an sa ranarki mu aza shi cikin kabad kusa da tasoshi."

"Ai yana cikina," na ce.

"To ki bar shi gida mana."

Na yi dariya. Wa zai bar littafi a gida ranar da aka ce a zo da shi?

Ranar jarrabawa aka tashi da yayyafi. Alhaji ya iso a kan kabu-kabu rungume da buhun gana-mas-go, mai babur yana ta mita. Saurayin nan mai zuwa na ɗaya ya shigo da biro da kalkuleta kawai, ya zauna a gaba yana harararmu. Aka raba takardu.

Tambayoyin ba irin waɗanda muka saba ba ne. Babu inda aka ce kawo ma'anar kaza. Labari aka ba mu na wani ɗan kasuwar hatsi mai sito da babbar mota, aka ce mu fitar da abin da doka ta yafe masa da abin da zai biya. Na karanta na ji sanyi a raina, domin na san sashen. Muryar haddar ta taso da kanta. Na ɗora biro zan rubuta, sai idona ya faɗa kan littafin, ga shi a gefen hannuna a rufe. Na ce bari dai in tabbatar.

Na buɗe. Shafukan duk iri ɗaya ne, farare, babu alamar da za ta ce mini nan ne. Na san maganar, amma ban san mazauninta ba, domin a kunne na ajiye ta. Na yi gaba, na dawo baya, na wuce wurin ban sani ba. Da na same shi, daidai yake da abin da ke kaina, ko wasali bai canza ba. Na rubuta. Da na zo gaɓa ta gaba, hannuna ya sake komawa kan littafin. A jarrabawar da babu littafi, da na rubuta na wuce, in daidai in kuskure. Amma ga shi a kusa, kuma wannan ce damata ta ƙarshe, sai na ji ba zan iya sa ko lamba ɗaya ba sai na gan ta da idona. Duk abin da na duba, yadda na haddace shi haka na tarar. Hakan bai hana ni duba na gaba ba.

Ɗakin ya cika da ƙarar takarda, shaf, shaf, kamar iska a gonar dawa. Na ɗago sau ɗaya na ga ƙawata ta ja jan ƙyalle, ta leƙa, ta rufe, ta ci gaba da rubutu. Alhaji kuwa ya duƙa, kansa cikin buhu. Lokacin da aka ce a ajiye biro, ban ko karanta tambayoyin bayan takardar ba.

Muka tsaya a baranda muna jiran ruwa ya tsagaita. Alhaji ya zauna a kan buhunsa yana share zufa.

"Wallahi amsar na ciki," ya ce. "Na ji ta da hannuna. Wane littafi ne dai ban sani ba."

"Ban gaya muku ba?" in ji Madam. "Kyautar malami ke nan."

Ƙawata ta dube ni, ta ga fuskata. Ta saya mana dafaffiyar masara muka ci a tasha, ita ta hau motar Tsafe, ni ta Bungudu.

Da sakamako ya fito, ita da Madam sun ci, haka ma saurayin da bai zo da komai ba. Ni da Alhaji mun faɗi. Malam ya kira ni gefe ya ce duk abin da na rubuta babu kuskure, rabi ne kawai. Na gode masa. Ba ni da ƙarfin yin kuka, barci kawai nake ji.

Na isa Rawayya da la'asar, Baba yana zaune a kan buzu ya dawo daga gona. Na durƙusa na gaya masa. Ya ce haka Allah ya so. Ya ga littafin a hannuna, ya tashi ya wanke hannunsa a buta, ya karɓa. Ya buɗe shi a hankali, yana shafa gefunan, ko da yake ba ya karanta boko.

"Madalla da ɗiyata," ya ce. "Dubi yadda kika riƙe shi. Kamar yau aka saye shi."

Na ce, "I, Baba."

Ya nemo wani tsohon farin ƙyalle ya naɗe mini shi da kansa, ya ce in ajiye inda ɗanshi ba zai kai ba. Na ajiye. Ranar Litinin na fito Bungudu, na yaye murfin tafireta, na hure ƙurar da ta kwanta a kan haruffan, na zura takarda.