Shazumamun Kututturen Inna

Shekarar da na yi haihuwar fari, aka kai ni wankan jego gidanmu, wani ƙauye kusa da Gummi. Ruwan sama bai daɗe da sauka ba. Inna ta hana ni taɓa ko tsintsiya, sai zama a bakin ɗaki da jinjira a cinya.

Kusa da randunanmu akwai wani tsohon kututturen gawo da ake ɗora ƙwarya a kai. Kullum da safe sai in ga gari mai laushi ya taru a gindinsa. Inna ta ce gara ce. Baba, da yake masassaƙin turmi ne, ya murza garin a yatsa ya ce a'a, gara laka take kawowa, ba ta zubar da abin da ta ci. Wannan aikin shazumamu ne. Ba su cin itace, in ji shi, ɗakuna suke fafewa a inda ruwa ya tausasa, su watso shara waje.

Tun daga nan na samu abin kallo. Da rana shiru. Rana na yin sanyi sai su fito ta wata 'yar tsaga, masu manyan kai da ƙanana, su bi gindin danga zuwa bishiyar lemun tsami. In biyu suka haɗu sai su tsaya baki da baki, mai dawowa ta ba mai fita abin da ta sha.

Wata Bafulatana mai kawo mana nono ta same ni ina leƙen ganyen lemun. Ta juya ganye ɗaya ta nuna mini wasu ƙananan ƙwari manne a bayansa, shazumamu na shafa su da gashin kai suna lasar ruwan zaƙin da ke fitowa.

"Su ma shanu gare su," ta ce. "Tatsa suke yi."

Ranar da Inna ta tsinci guda biyu a zanen goyon jinjira, haƙurinta ya ƙare. Ta ɗebo tafasasshen ruwan wankana ta nufi kututturen. Baba ya roƙe ta ta dakata, ya sa gizago ya ɓanɓare gefe ɗaya. Wani wari mai tsami ya taso. Ciki duk hanyoyi ne, sumul kamar an goge. Ba wadda ta gudu haka kawai. Kowace ta ɗauki farin ɗa a baki tana neman lungu.

Inna ta daɗe tana kallo, ƙwaryar na tururi a hannunta. Sannan ta mayar da ruwan cikin tukunya, ta ce a dai fitar mata da su daga gida.

Baba ya naɗe kututturen a tsohon buhu, ya ɗora wa jaki, ya kai shi bakin fadama ƙarƙashin wata tsamiya. Da ya dawo, hannunsa duk cizo, Inna ta shafa masa man shanu tana yi masa faɗa a hankali.