Kart-mer da randar Inna

Ɗazu a Tasawa mai gyaran ordinata (kwamfuta) ya aje mani kart-mer biyu, wato allon da kayan cikin na'ura ke hawa.

Ya ce, "Malam, mai gudu kake so ko mai ƙarko?"

Sai bakina ya suɓuce: "Bari in tambayi Yaya Sani."

Yaya Sani ya tafi haƙar zinariya Jado, tun bara ba mu ji muryarshi ba. Shi ke matsa wa tsohuwar na'urarmu ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. In ta ɗau zafi ya jingina ta da randar Inna, Inna na ta faɗa.

Na ɗauki mai ƙarkon. So nake ya dawo ya iske na'urar tana aiki.

Ku fa, wa kuke jira haka?