Miyar da Miran ta sha ranar gasa

Bong Miran ta shekara goma sha biyu tana cin abinci da sandar golf, wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, kuma a duk tsawon shekarun nan babu ranar da ta buga ƙwallo ba da tsoro ba. Wasu 'yan wasa tafkin da ke cikin filin suke tsoro, wasu ramin yashi. Ita abin da take tsoro shi ne bugun ƙarshe, sa'ad da ƙwallo ta tsaya taku ɗaya daga bakin rami, jama'a suka yi tsit, aka bar ta daga ita sai hannayenta.

'Yar tsibirin Wando ce. Uwarta, Gil Okja, noman ganyen teku take yi, wanda ake shimfiɗa wa igiya a cikin ruwa, a janyo shi da hunturu yana sheƙi kamar gashin da aka wanke. Ubanta, Bong Taesik, masunci ne, har ranar da wani malamin makaranta ya ga yarinyar tana wurga sanda ya ce tana da kafaɗar 'yan wasa. Taesik ya sayar da jirginsa, ya haddace dokokin wasan daga littafi, ya zama mai ɗaukar mata jaka. Tun daga nan yake tafe a bayanta, sanduna suna kaɗawa a gadon bayansa. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Idan ta ɓarar da bugu shiru kawai yake yi, wani lokaci har kwana uku, ita kuwa ta gwammace duka da wannan shirun.

Ba ta taɓa ɗaukar kofi ba. Sau ɗaya ta zo ta huɗu, hoton yana nan a bangon ɗakinsu. Yawancin shekaru takan ƙare a ƙasan jeri, sai ta koma gasar neman gurbi da ake yi a watan Nuwamba, a wani fili na bakin teku inda iska ke yanka kunne. Kwana huɗu ake yi. Mata fiye da ɗari ke shiga, arba'in na farko su sami wasa baɗi, sauran su tattara kayansu.

A cikin makon nan ranar haihuwarta take faɗowa. A al'adarsu kuwa, ranar haihuwa miyar ganyen teku ake sha, irin wadda uwa ta sha bayan naƙuda. Amma ba mai hankalin da zai kai ta baki ranar jarrabawa, domin miya ce mai santsi, wanda ya sha zai zame. Taesik ya hana ta shiga bakin 'yarsa a watan nan gaba ɗaya. Wainar shinkafa mai danƙo yake cusa mata a aljihu, don ta manne. Okja takan dafa miyar a gida duk da haka, ta zuba kwano biyu, ta sha ɗaya.

Shekarar da Miran ta cika talatin da ɗaya, kamfanin da sunansa ke kan hularta ya gaya mata cikin ladabi cewa in ba ta sami gurbi ba, sun rabu. Gwiwar Taesik ma ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. A shekarar ce kuma Okja ta fara mantuwa. Ta bar tukunya a kan wuta har ta ƙone, ta ɓace a hanyar kasuwar da ta shekara arba'in tana bi. Ba a iya barinta ita kaɗai, sai suka taho da ita masaukin da suka kama, matar mai gidan ta yarda za ta riƙa zama da ita.

Safiyar rana ta huɗu, Miran tana ta talatin da tara a jeri. Taesik ya sauka ɗumama mota. Miran ta fito daga wanka, ƙamshin man riɗi da tafarnuwa ya tare ta. Kwano yana kan tebur yana tururi, baƙin ganye yana yawo a ciki.

"Zauna, 'yar nan," in ji Okja. "Yau kin cika nawa ma?"

"Talatin da ɗaya, Inna."

"Ji maƙaryaciya! Ni kaina ban kai haka ba."

"Inna, yau ina da wasa."

"To da yunwa ake yin sa? Kwana biyu na yi ina naƙudarki, ke kwano ɗaya ya gagare ki?"

Jiya wannan matar ta kalli mijinta ta tambaye shi ko shi ne mai gyaran famfo. Amma ranar yau ba ta ɓace mata ba, har da ganyen da ta ɓoye a cikin kayanta tun daga Wando. Miran ta dubi ƙofa, ta dubi fuskar uwarta, wadda ke jira da cokali a hannu. Wa ya san ko baɗi za ta tuna? Ta zauna ta shanye, tana jin kowane cokali yana sulalewa a maƙogwaronta.

Ranar nan tafiya ta yi kamar mai taka ƙanƙara. A rami na biyu ƙafarta ta zame a kan raɓa, zuciyarta ta ce ga shi nan ya fara. Abokiyar zagayenta, Tak Hyeonju, wadda ta girme ta da shekara biyu kuma ta fi kowa baki a fagen, ta kalle ta sama da ƙasa.

"Ke Miran, fuskarki kamar kifin da ya wuni a rana. Fatalwa kika gani?"

"Sanyi ne, Yaya."

"Sanyi ne ke sa gumi? To ki mutu a gefe, kar ki faɗo mini a hanyar ƙwallo."

A rami na tara ta buɗe baki za ta ciji waina, Taesik ya tsaya cak.

"Buɗe bakin nan."

Ta buɗe. Ɗan guntun ganye ne maƙale a haƙorinta. Mutumin da ya girma a Wando ba ya bukatar a gaya masa ko mene ne.

"Uwarki ce?"

"Ni na sha, Baba."

Ya saɓa jakarsa ya wuce gaba. Rami takwas suka yi bai ce uffan ba, ko nisan tutar da ke kan rami bai faɗa mata ba, sanda kawai yake miƙo mata yana kallon teku. Ta yi asarar bugu ɗaya a rami na sha ɗaya, ta maido shi a na sha biyar, ba ta san yadda aka yi ba. A bakin rami na ƙarshe ta ga allon sakamako. In ta jefa ƙwallon a bugu na gaba, ita ce ta arba'in.

Ƙwallon tana taku ɗaya daga rami, a kan ɗan gangare. Miran ta sunkuya, hannayenta suka kama rawa har kan sandar yana buga ciyawa. Ta ja da baya. Ta sake sunkuyawa, ramin ya tsuke a idonta ya koma kamar hancin allura, ta sake ja da baya.

Taesik ya matso yana ɗingishi, ya tsaya kusa da kunnenta. Ta runtse ido.

"Da daɗi?"

"Me, Baba?"

"Miyar."

"Ta manta gishiri."

Ya ja hanci. "Ni ma shekara goma sha biyu rabona da ita a watan nan. Ko ɗan saura ba ki bar mini ba, marowaciya." Ya goge fuska da tawul. "Ai kin riga kin sha. Buga mu tafi, tana jiranmu."

Hannun bai daina rawa ba. Haka ta buga. Ƙwallon ta gangara, ta kauce hagu, ta kama leɓen ramin ta zagaye shi kusan duka, sannan ta sulale ciki.

"Kai!" in ji Hyeonju. "Me kika ci yau?"

Shekara ɗaya ta ƙara yi a babban fage, tana tsoro a kowane rami kamar da, sannan ta ajiye sanda da kanta. Yanzu tana koyar da matan aure da tsofaffin ma'aikata a wani wurin atisaye a garin Mokpo, kuma ɗalibanta sun san ba ta son a yi shiru idan tana bugu. Da yammacin ranar gasar, da suka koma masauki, Taesik ya ɗumama abin da ya rage a tukunya ya sha a tsaye, ba gishiri. Okja tana zaune tana kallonsa, ta raɗa wa 'yarta cewa mai gyaran famfon nan akwai ci.