Ranar da Inna Ta Kira Ni Malama

Abubuwa da yawa na shekarun jami'a sun zube daga kaina, har sunayen wasu malamanmu sai na yi da gaske nake tunowa. Amma akwai wata safiyar Talata a tsakar gidanmu a Madarumfa da ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. Ba wanda ya zage ni a ranar, ba kuma wanda ya tona mini asiri. Da ma an tona, ina jin da tuni abin ya wuce mini.

Ina shekara ta uku a fannin noma a Maradi lokacin da wani malaminmu ya shigo aji ya ce mana dipolom, wato takardar gama karatu, ita kaɗai ba ta kai mutum ko'ina a zamanin nan. Ya ce kowa ya je ya buɗe wa kansa shafi a dandalin nan na intanet inda masu neman aiki da masu ɗaukar aiki ke haɗuwa. Ka sa hoto mai kyau, ka rubuta karatun da ka yi da abin da ka iya, sannan ka bi ma'aikatan furoje-furoje, wato ƙungiyoyin da ke ayyukan raya karkara, ka riƙa gaishe su har su san da kai. Ya ce masu ba da sitaj, wato aikin koyo na wata uku da ake so mu yi kafin mu gama, can suke leƙawa su zaɓi mutum.

Na buɗe nawa da rawar jiki. Na ari mayafin ƙawata na ɗauki hoto a gaban ɗakin karatu, na rubuta sunana da makarantun da na yi, komai ya tafi daidai har na iso gurbin da ake rubuta ayyukan da mutum ya taɓa yi. Nan na tsaya cak. Ni dai tun da aka haife ni ban taɓa yin komai ba sai karatu da aikin gida. Ƙawar tawa kuwa, 'yar birni ce mai baki, gurbinta cike yake fal. Wani taro na kwana biyu da muka je tare muka sha lemo muka dawo, ta rubuta shi da faransanci mai nauyi har sai ka ɗauka ita ta kira taron. Da na yi mata magana sai ta yi dariya, ta ce ai wannan ba ƙarya ba ce, kwalliya ce, kuma kowa haka yake yi. Ni kuma a lokacin ba abin da na tsana kamar a ce mini baƙauyiya, don haka ban ja da ita ba.

A nan sai na gaya muku wace ce Inna, mahaifiyata. Ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, amma a unguwarmu in ana maganar irin wake, ita ake nufi. Akwai wani jan wake da mahaifiyarta ta ba ta daga Gabi lokacin da aka kawo ta Madarumfa, kuma tun daga nan irin bai taɓa yankewa a hannunta ba. Bayan kaka takan shanya shi ya bushe ƙarau, ta tankaɗe toka, ta cuɗa su tare a cikin tulu, ta rufe bakin da laka. Ƙwari ba sa taɓa shi. In damina ta ƙarato, matan da ƙwari suka mayar wa iri gari sai su riƙa shigowa da 'yan ƙorensu, ita kuma tana ɗiba musu tana yi musu faɗan sakaci. Faɗa dai Inna akwai shi, musamman a kaina. Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma yabona a gaban mutane. "Yarinyar nan" take ce mini, ko ta ce "ke". Ko ranar da na ci jarrabawar shiga jami'a, abin da ta ce kawai shi ne in je in ɗauko mata ruwa.

Ina duba hotunan wayata ne na ci karo da wanda ƙawata ta ɗauke mu lokacin da ta raka ni gida hutu. Ina tsugune gefen Inna, na miƙa yatsa ina nuna tulu, ita kuma ta ɗago kai tana dubana. Abin da ya faru a zahiri shi ne, na kwaso toka daga murhu da sauran ɗuminta zan zuba, Inna ta buge hannuna tana cewa zan dafa mata iri, ni kuma ina tambayarta to wace toka ake so. Amma hoto ba ya magana. In ka gan shi za ka rantse ni ce ke bayani, ita ke sauraro.

Na ɗora shi. A ƙarƙashinsa na rubuta da faransanci cewa ina koya wa matan karkara yadda za su adana irin wake ba tare da maganin bature ba. A gurbin nan da ya dame ni kuma na sa cewa ni mai horar da mata manoma ce a yankin Madarumfa. Ban ji komai ba lokacin da nake rubutawa, wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya yanzu. A ganina Inna ba ta da waya irin wannan, ba ta jin faransanci, to ina abin zai same ta?

Mutane suka yi ta yabawa. Wasu da ban taɓa gani ba suka riƙa rubuta mini cewa irinmu ƙasa ke bukata. Ina cikin aji ina leƙa waya in ga ko an ƙaru, kaina ya yi ta kumbura. Bayan kamar sati uku sai ga saƙo daga wata mata, shugaba a wani furoje da ke aikin iri. Ta ce aikina ya burge ta, suna da gurbin sitaj guda ɗaya, amma tana so ta zo Madarumfa ranar Talata ta ga matan da na horar da idonta.

Na karanta saƙon nan ya fi sau goma. Ina da damar in rubuta mata gaskiya a layi biyu: matar da ke hoton uwata ce, ita ta iya, ni koyo nake. Yanzu da na san mutanen aiki, na tabbata da hakan ma ya ishe ta ta ɗauke ni. Amma sai na ga kamar in na faɗa, duk yabon nan zai koma dariya. Na rubuta mata cewa muna maraba da ita.

Ranar Asabar na shiga mota na tafi gida. Na tarar da Inna tana tsinke zogale a inuwa. Na zauna na yi ta kewaye-kewaye, na yi zancen wahalar samun aiki, na yi zancen yadda duniya ta sake, kafin dai na fito da abin da ke bakina. Ba ta daina tsinkar da take yi ba har na gama. Na jira faɗa, har na shirya amsoshin da zan ba ta. Faɗan bai zo ba.

"In na ce hakanan, za su ɗauke ki?" ta tambaya.

Na ce mata eh.

"To, Allah shi kai mu Talatar."

Ita da kanta ta yafa mayafi ta bi gidaje ta gayyato mata biyar. Ban san abin da ta faɗa musu ba, ban kuma tambaya ba. Cikinsu har da Iya, tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda ke karɓar iri a hannun Inna tun kafin a haife ni.

Talata da hantsi farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Baƙuwar ba irin wadda na zata ba ce. Bahaushiya ce mai sauƙin kai, ta tuɓe takalmi ta zauna a tabarma tare da matan, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da gajiya da iyali. Wannan ya dagula mini lissafi, don na yi niyyar in ɓuya a bayan faransanci, sai ga shi da Hausa za a yi komai, kowa na ji. Na miƙe tsaye a gaban tulu, Inna na zaune a ƙasa cikin ɗalibai. Na fara bayani da kalmomin da na haddace a aji, ina tankaɗe tokar da Inna ta tanada tun kwana biyu da suka wuce. Da farko abin ya tafi lafiya. Sai baƙuwar ta ɗebi waken a hannu ta tambaye ni yadda ake gane cewa ya bushe har ya isa a rufe shi, tunda a ƙauye ba na'urar gwaji.

Wallahi ban sani ba. Na sha ganin Inna na yin wani abu kafin ta zuba, amma ban taɓa kula ba. Na ɗebi waken ina jujjuya shi a hannu. Sai na ji muryar Inna daga tabarma.

"Malama, kin mance? Ba ke kinka ce muna a ciza ba? In ya ce ƙas a haƙori, ya yi. In ya lotse, a maida shi rana."

Malama. Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba, yau ta ba ni suna a gaban mutane. Na ce haka ne, haka ne, kamar ina tabbatar wa ɗaliba amsarta. Daga nan duk tambayar da ta fi ƙarfina, sai Inna ta karɓe ta da "ai ta ce muna". Ta ce na gaya musu toka ta kwana ta huce. Ta ce na gaya musu awon toka ya zo daidai da awon wake, a kuma danna da hannu kada iska ta samu wurin zama. Ilimin da ta yi shekaru tana tarawa, ta riƙa ɗauka tana sa mini a baki ɗaya bayan ɗaya, fuskarta ko gezau.

Baƙuwar ta ji daɗi ƙwarai. Ta juya wajen Inna ta tambaye ta yadda suke ajiye iri kafin in koya musu.

"Da can hakanan muke zuba shi a buhu," in ji Inna, "ƙwari su canye."

Na ga Iya ta ja bakin mayafinta ta rufe baki. Sauran matan suka sunkuyar da kai. A unguwar nan kaf ba wanda ya taɓa ganin ƙwaro ɗaya a irin Inna, kuma ga ta tana ɗora wa kanta sakacin da ta yi shekaru tana yi wa wasu faɗa a kai. Baƙuwar ta yaba mini, Inna ta ce ai yarinya ce mai ƙoƙari. Yabon da na yi ta jira daga bakinta tun ina ƙarama, ranar na same shi, kuma a kan ƙarya.

Da motar ta tashi, matan suka miƙe. Iya ta tsaya a zaure ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe ni suka yi ta roƙo iri tun ina ciki ba su sani ba. Sauran suka yi dariya, ba ta mugunta ba. Inna kuwa ta kwashe tabarmi ta shiga ɗaki.

Na samu sitaj ɗin. Kafin ya ƙare, furojen ya buga wata 'yar takarda mai zane-zane da ke nuna hanyar nan ta toka, don a raba wa manoma, aka sa sunana a ƙasa. Shugabar ta ba ni wasu ta ce in kai wa matan da na horar. Na kai wa Inna ɗaya. Ta riƙe ta da hannu biyu tana bin zanen da ido: ga tulu, ga rariya, ga hannu yana danna toka. Ta ce sun yi shi daidai. Sannan ta miƙo mini ta ce in nuna mata inda aka sa sunan tsohuwa, tana nufin mahaifiyarta.

"Ni ban ce a sa ni ba," ta ce. "Amma iri nata ne, hannu nata ne."

Na ce mata ba a sa ba. Ta ce ba komi, ta ninke takardar ta ajiye a cikin kwalla. Har yau tana nan.

Daga baya na gyara shafin. Na cire maganar horarwa, na rubuta a ƙarƙashin hoton ko wace ce matar da kuma wanda ke koyo a wurin wa. Abin haushi, wannan ma yabo ya jawo mini, wai ina da tawali'u. Na je na faɗa wa shugabar, ta yi mini faɗa daidai gwargwado, ta yafe. Na je wurin Iya, ta ce in daina wahalar da kaina, duk sun sani tun ranar, kuma ba don ni suka zauna a tabarmar ba, don uwata ne. Na roƙi Inna gafara, ta ce ita ba ta ga laifi ba, kowace uwa haka za ta yi.

Sai dai akwai abin da bai dawo ba. Yanzu in na je gida bayan kaka na tsuguna kusa da ita tana haɗa iri, ba ta buge hannuna, ba ta gyara mini. In na tambaye ta wani abu sai ta ce ai na fi ta sani, ta ci gaba da aikinta. Ban ji gatse a muryarta ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Faɗan nan da ke cikin hoton, na tokar da ba ta huce ba, shi ne na ƙarshe da ta yi mini a kan iri.

Abin da na koya ba mai wuya ba ne, tsada kawai ya yi mini. Duk abin da ka rubuta game da kanka don baƙi su gani, wata rana zai tako har tsakar gidanku, kuma wani naka ne zai ɗauki nauyinsa. Yanzu in ɗalibai suka zo mini da shafinsu suna kukan gurbin aiki ba komai, nakan ce su bar shi haka, ko su rubuta sunan wanda ya koya musu abin da suka iya. Ni na cike nawa gurbin da Inna, kuma har yau ina tsugunawa gefenta ina jiran ta sake yi mini faɗa.